Samaru, Inda Masai Ujiri Ya Fara Jefa Ƙwallo

Mutumin Magariya in ya ce zai shiga Najeriya, Kano yake nufi. Can muke kai riɗi da wake da dabbobi, can muke saro atamfa da kayan gyaran babur, can kuma ake garzayawa da wanda ciwonsa ya gagari likitocin gida. Hanyar ko da ido rufe mun san ta: Tinkim, a tsallaka iyaka a Babban Mutum, a ratsa Ɓaɓura da Dambatta, sai ga Kano. Zariya kuwa sai mai dalili. A da dalilin ɗaya ne, almajirin da ya sauke Alƙur'ani yana son ya sha nahawu da lugga a zaurukan malaman Zazzau. Yanzu an samu na biyu, shi ne kuma ya kai ni. Ɗan yayata ya gama lise, ya kafe sai karatun noma a Jami'ar Ahmadu Bello, uwarsa ta ce ba za ta sake shi shi kaɗai ba, kawunsa ya raka shi ya gano mata wurin.

Daga Kano tafiyar ba ta da wani labari. Kura, Kwanar Dangora, Tashar Yari, har Kwangila inda mota ta juye mu. Muka hau ƙaramar bas, muka wuce makarantar koyon tuƙin jirgin sama, muka sauka Samaru. Sunan ba baƙo ba ne ga ɗan ƙasar gyaɗa irina, domin cibiyar binciken noma da ke nan ita ke fitar da irin gyaɗar da ake kira SAMNUT da irin waken SAMPEA. Jami'ar kanta, wadda aka buɗe a 1962, gari ce guda: tituna, manyan itatuwa masu inuwa, ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, masallatai da coci-coci, da madatsar ruwa can baya. Yaron da na rako bakinsa ya ƙi rufuwa. Ni ma na yaba, amma abin da ya tsayar da ni ba gini ba ne.

Mai masaukinmu, wani malami ɗan asalin Daura da zumunci ya haɗa mu, shi ya ce bayan la'asar mu fita mu miƙe ƙafa. Tun daga nesa na fara jin duka, tim, tim, tim, ba irin na ganga ba, da ƙarar takalmi yana goga siminti. Filin ƙwallon kwando ne, cike da mutane. A tsakiya ana wasa biyar da biyar, samari dogaye, wasu ɗaliban jami'a, wasu kuma da ganinsu ka san 'yan cikin gari ne. A bakin fili wasu biyar na tsaye suna jiran a fitar da waɗanda aka ci su shiga. Ba alƙali, ba usur. Wanda aka yi wa ƙeta shi ke faɗa, a ɗan yi musu, a miƙa masa ƙwallo. Na ji Hausa, na ji Turancin buroka, na ji Yarabanci, duk a cikin faɗa ɗaya kan ko ƙafar wani ta taka layi.

Na fi daɗewa ina kallon gefe. Can wani dattijo siriri, gashinsa ya yi fari, ya jera yara ƙanana kamar goma sha, maza da mata, mafi girmansu ba zai wuce shekara sha uku ba. Ko kallon kwandon bai bar su sun yi ba. Kowa ya maƙale hannun dama a bayansa, yana dukan ƙwallo da hagu, ido a sama, shi kuma dattijon yana ɗaga yatsu, yaro ya faɗi nawa ya gani. Wanda ya sunkuyar da kai ya duba ƙwallon sai ya koma farkon layi. Akwai wata yarinya mai hijabi gajere da dogon wando, ƙwallonta ya tsufa har fatarsa ta yi sulɓi, tana ta kuɓuce mata, tana bi tana ɗaukowa ba tare da ta ce uffan ba. Kusa da ita wani yaro sanye da takalmin da mai gyara ya ɗinke wa baki da zaren roba, ɗinkin a fili, ya fi ƙafarsa girma har ya cusa tsumma a dunduniya. Da dattijon ya zo wucewa sai ya durƙusa ya ɗaure masa igiyar da kansa, ya dafa kansa, ya ci gaba. Da aka kira magariba ƙwallaye suka yi shiru, masu salla suka nufi famfo, sauran suka zauna a kan siminti suna jiransu.

Na ce da mai masaukina, "Malam, wannan koyarwa haka, biya ake yi?"

Ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, biyan me? Shi ma haka aka yi masa. Duk wanda ka gani a nan da furfura, ka tambaye shi wa ya koya masa, suna ɗaya za ka ji."

Sunan shi ne Oliver B. Johnson, wanda kowa ke kira OBJ, baƙar fata ɗan Amurka da ya zo Najeriya ya zauna, ya shafe shekaru da dama yana horar da 'yan ƙwallon kwando a wannan jami'a. Yaran da suka bi ta hannunsa sun bazu cikin kulob-kulob na Najeriya da ƙungiyar ƙasa da jami'o'in Amurka. A cikinsu akwai wanda sunansa ya fi na kowa tafiya, Masai Ujiri, kuma labarinsa ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin ya saɓa wa yadda muka saba jin labarin gwanin wasa.

An haife shi a 1970 a garin Bournemouth na Ingila, inda iyayensa ke karatu, aka dawo da shi Zariya yana ƙarami. Mahaifinsa ɗan kudancin Najeriya ne, ma'aikacin harkar asibiti, mahaifiyarsa likita ce 'yar Kenya. Ba Bahaushe ba ne ta jini, amma ɗan Zariya ne ta tashi, kuma Zariya ta daɗe da iya mayar da baƙo ɗan gida. Kamar kowane yaro a ƙasashenmu, ƙwallon ƙafa ya fara bugawa. Sai da ya kai shekara 13 ya kama ƙwallon kwando, a lokacin da sunan Hakeem Olajuwon ya fara cika kunnuwan samarin Najeriya. Hakeem ɗan Legas ne, mai tsaron gida a ƙwallon ƙafa kafin tsawonsa ya kai shi Houston, kuma a 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasan NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, gaban Michael Jordan wanda ya zo na uku. Yaron Zariya ba shi da tauraron ɗan'adam balle intanet. Mujallun wasanni na Amurka da kaset ɗin bidiyo su ne makarantarsa ta dare, filin siminti kuma ta rana.

Ya yi tsawo, mita 1.93, ya kuma yi ƙwazon da ya isa a tura shi Amurka. Ya yi sakandare a Seattle, a gidan wasu 'yan Najeriya, daga nan ya wuce wata ƙaramar kwaleji a Bismarck ta jihar Dakota ta Arewa, inda ya buga shekara biyu. Bismarck birni ne da bai kama ƙafar Damagaram a yawan jama'a ba, kuma a lokacin sanyi ƙanƙara ke rufe shi ruf. Tare da shi akwai abokinsa daga gida, Godwin Owinje, wanda daga baya ya samu shiga Jami'ar Georgetown mai suna a wannan wasa. Masai bai samu irin wannan ba. Ya koma wata jami'a a Montana, bai daɗe ba ya bari, ya tsallaka Turai neman abinci da ƙwallo. Kimanin shekara shida ya yi yana yawo, Derby a Ingila, Beljiyam, Jamus, ƙananan kulob da ƙaramin albashi, wasa a zauren da 'yan kallo ba su cika shi ba. A 2002 ya ajiye, yana da shekara talatin da 'yan kai. Bai taɓa buga ko minti ɗaya a NBA ba.

In da a nan labarin ya tsaya, da babu wanda zai tuna shi sai abokan wasansa. Mafi yawan gwanayen ƙananan garuruwa a nan nasu ke tsayawa, har a can inda wasan ya fi daraja. A jihar Indiyana ta Amurka, inda ƙwallon kwandon 'yan sakandare yake da matsayin da kokawa ke da shi a wurinmu, an yi wani yaro Damon Bailey, ɗan ƙauyen Heltonville. Tun bai shiga sakandare ba manyan masu horarwa ke zuwa kallonsa. A 1990 mutum fiye da 41,000 suka taru don wasansa na ƙarshe a makaranta, ya ci kofin jiha, ya tashi da maki 3,134, adadin da babu wani yaro namiji a jihar da ya taɓa kaiwa kafinsa. Indiana Pacers ta NBA ta ɗauke shi a 1994, ciwon gwiwa ya tare shi, bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba. Ya koma yankinsu ya kama kasuwanci, daga baya ya horar da 'yan matan tsohuwar makarantarsa har suka ci kofin jiha a 2014. Rayuwa ce mai mutunci, ba abin tausayi a cikinta. Sai dai ranar da ta fi kowace haske a gare shi ta zo yana ɗan shekara 18.

Masai kuwa gawo ne. Mu mutanen Magariya da Matamaye da Mirya mun san halin wannan itace da ya cika gonakinmu: da damina, lokacin da kowane itace ke taƙama da ganye, shi a tsirara yake, sai rani ya yi, kowa ya kaɗe, sannan ya yi kore shar. Shekarun da jiki ke da ƙarfi ba su ba shi komai ba sai sanin hanya da sanin mutane. Ya san kowane ƙaramin zaure a Turai, ya san wane koci ne ke faɗin gaskiya kan yaransa, ya san yadda ake gane yaron da zai yi nisa tun ƙafarsa ba ta daidaita ba. A shekarar da ya bar wasa ya raka wani matashi ɗan Najeriya gwaji a kulob ɗin Orlando Magic. Masu kulob ɗin suka ji yadda yake bayanin 'yan wasa, suka ce ya riƙa duba musu yara a ƙasashen waje, amma ba albashi. Ya karɓa. Da kuɗin aljihunsa yake sayen tikiti, yana kwana a ɗakin tsofaffin abokan wasa, yana rubuta rahoto yana aikawa. Mutum mai shekara talatin da biyu, ba gida ba mota, yana yi wa masu miliyoyin daloli aiki kyauta: na tabbata a dangi an samu wanda ya ce yaron nan ya lalace.

Bayan shekara guda Denver Nuggets ta ɗauke shi da albashi. A 2007 Toronto Raptors ta Kanada ta janye shi, a 2010 Denver ta dawo da shi a matsayin babban manaja, ɗan Afirka na farko da ya riƙe irin wannan kujera a manyan wasannin Amurka. Ya tarar da wuta, domin tauraron kulob ɗin, Carmelo Anthony, ya ce shi tafiya zai yi. Sabon manaja bai yi rawar jiki ba. Ya ja cinikin wata da watanni har New York Knicks ta biya da 'yan wasa masu yawa a watan Fabrairun 2011, kuma bayan shekara biyu Denver, ba tare da wani babban tauraro ba, ta ci wasa 57 cikin 82. Aka zaɓe shi gwarzon manajojin NBA na 2013. A shekarar ya koma Toronto da ragamar kulob ɗin gaba ɗaya a hannunsa.

Abin da ya yi a 2018 shi ne samarin Samaru suka fi so su ba ka labari, kowa yana katse ɗan'uwansa. Toronto ta ci wasa 59 a kakar, mafi yawa a tarihinta, amma da aka zo wasannin fitar da gwani LeBron James ya sake share ta. Masai ya sallami koci Dwane Casey a shekarar da aka zaɓe shi gwarzon masu horarwa, ya ɗora mataimakinsa Nick Nurse, mutumin da ya daɗe yana horarwa a Ingila a zamanin da shi Masai ke buga wasa can. Sannan ya ɗauki DeMar DeRozan, wanda ya yi shekara tara a kulob ɗin, wanda mutanen birnin ke ƙauna domin shi ma yana ƙaunarsu, ya musanya shi da Kawhi Leonard na San Antonio, mutumin da wasa tara kacal ya buga a kakar da ta wuce saboda ciwo, kuma saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare. An zage shi. DeRozan ya fito fili ya nuna an ci amanarsa, kuma ni a raina ban ga laifinsa ba, don ciniki irin wannan ko ya yi riba akwai wanda aka taka. Ranar 13 ga Yunin 2019, a Oakland, Toronto ta doke Golden State Warriors a wasa na shida ta ɗauki kofi, karo na farko da kofin NBA ya bar Amurka. A cikin 'yan wasan akwai Pascal Siakam ɗan Kamaru, wanda Masai ya zaɓa a lamba ta 27 a 2016 lokacin da 'yan kallo da yawa ba su taɓa jin sunansa ba, da Serge Ibaka ɗan Kwango. Kawhi ya tafi bayan wata guda, kamar yadda aka yi tsammani. Kofin dai ya zauna.

A daren nan ne kuma, yana ƙoƙarin shiga fili ya taya yaransa murna, wani ɗan sanda ya tare shi ya hankaɗe shi, daga baya ma ya kai shi ƙara wai shi aka daka. Sai a 2020 hoton bidiyon da ke maƙale a ƙirjin ɗan sandan ya fito, duniya ta ga wanda ya fara tura wani, har sau biyu, alhali shugaban kulob ɗin yana ƙoƙarin zaro katin shaidarsa daga aljihu. An janye ƙarar a 2021. Dattijon da ke koyar da yara, da aka zo wannan gaɓa a hira, bai ce komai ba sai tsaki.

Da na tambayi kaina me ya burge ni a wurin nan, sai na ga ba kofin ba ne. Kofi a Toronto aka ci shi, da kuɗin Toronto. Abin Zariya shi ne filin nan da ba a kulle shi, da kuma al'adar cewa wanda ƙafarsa ta gaji ba ya tafiya gida ya zauna, gefen fili yake komawa ya karɓi ƙananan. Masai ma abin da ya yi ke nan, sai dai nasa gefen filin ya yi faɗi. Tun a 2003, lokacin da shi kansa bai gama tsayawa da ƙafarsa ba, shi da Godwin Owinje suka kafa Giants of Africa, suka fara tara yara a Najeriya, sansani ɗaya a arewa na zaɓaɓɓu hamsin, ɗaya a kudu na dogaye. Yau sansanonin sun ratsa ƙasashe da dama, maza da mata. A 2018 Barack Obama ya halarci buɗe wani fili da suka gina a Kogelo, ƙauyen mahaifinsa a Kenya, a 2021 kuma suka yi alkawarin gina filaye ɗari a faɗin nahiyar. Yawancin yaran da ke zuwa ba za su taɓa cin abinci da ƙwallo ba, kuma masu shirin ba sa ɓoye musu haka. Shi mai shirin ai shaida ne cewa a cikin wasa akwai aiki iri-iri bayan jefawa: mai horarwa, mai zaƙulo 'yan wasa, mai duba lafiyarsu, mai lissafin kuɗi, mai ɗaukar hoto.

Dole na tuna gida. Mu namu wasan kokawa ce, kuma ba na jin akwai abin da zai ture ta. Da an gama girbi, an ɗaure dammunan hatsi, ganga za ta tashi daga Bande zuwa Waca, daga Dungas zuwa Dogo-Dogo, kowane ƙauye da zakaransa. Yaron da ya kayar da na gari uku ya zama abin nuni a kasuwa, 'yan mata su sa shi a waƙa, attajirai su yi masa kari. Tun 1975, da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka, wannan yaro yana da tsani a gabansa: ƙauye, gunduma, jiha, sannan ya shiga cikin goman da kowace jiha daga takwas ɗin ke turawa. Kuma Nijar ba ta da butulci ga sunan gwanayenta. Filin kokawar Damagaram sunan Langa-Langa yake ɗauke da shi, na Maraɗi na Kantu, na Doso na Salma Ɗan Rani. Isaka Isaka na Doso da ya ɗauki takobi sau shida, ko jariri ya san shi. A wannan fanni babu abin da za mu koya daga kowa.

Inda muke da rauni shi ne wanda bai kai ga takobi ba, kuma su ne dubbai. Kowa a Magariya ya san irinsu: ƙaton da ya girgiza karkara shekara biyar ko shida, yau yana tura amalanke ko ya tafi ci-rani, kafaɗa ta goce, gwiwa ta kumbura. In an buga ganga ya zo ya tsaya a bayan taro. A kansa akwai ilimin da ba a rubuta ba, yadda ake karanta tsayuwar abokin karawa, yadda ake hutar da numfashi, yadda ake faɗuwa ba a karye ba. Wani yakan ba ɗansa ko ƙanensa, shi ke nan. Ba mu da wurin da zai zo kullum la'asar a jera masa yaran unguwa, na kowa da kowa, a ce nasa ne. Makarantunmu kuma, kolej da lise, wasan motsa jiki a wurinsu abin neman maki ne a jarrabawa. Dogon yaro a garinmu sai dai a yi masa ba'a da tsawonsa, a sa shi ciro abu daga saman rumbu. Ga Fulani da Hausawa da Barebari a yankin nan masu tsawon da duk kocin Samaru zai yi sha'awa, kuma ga 'yan mata, waɗanda kokawa ba ta da wuri dominsu ko kaɗan. Ƙwallon kwando a Nijar kusan duk a Yamai ya taru, inda kulob irin Nigelec ke wakiltar ƙasa a wasannin neman shiga gasar Afirka. Kano da ke kusa da mu tana da Kano Pillars, wadda ta sha ɗaukar kofin Najeriya a wannan wasa, amma mu in an ce Pillars ƙwallon ƙafa kawai muke ji.

Ba kowa ne a Samaru ke yabon ɗan garin nasu ba tare da ƙorafi ba, wannan ma ya ƙara mini son wurin. Da dare a teburin mai shayi aka tayar da zancen Kigali. A 2016 Shugaba Paul Kagame na Ruwanda ya je Toronto kallon wasan taurarin NBA, ya ga zauren da ake wasan, kuma a 2019 Kigali ta buɗe nata mai cin mutum 10,000. A cikinsa aka fara gasar kulob-kulob ta Afirka, BAL, a 2021, Zamalek ta Masar ta ɗauka. A gefen wannan zaure ne Masai ya gina wani wuri mai otal da filin wasa da shaguna, aka buɗe shi a watan Yulin 2025, wata guda bayan rabuwarsa da Toronto. Sunan wurin Zaria Court.

Wani saurayi ya ajiye kofinsa ya ce, "To mu da muke da Zariyar ta gaske fa? Suna aka ba mu, gini aka kai Ruwanda."

Wani magidanci ya ce masa, "Kai yaro, mai kuɗi inda aka share masa wuri yake zuba kuɗinsa. Can an ba shi fili, an ba shi wuta ba ɗaukewa. Nan wa ya kira shi ya ce ga fili?"

Aka yi ta ja, ba wanda ya sauka. Ni baƙo ban sa baki ba, amma a zuciyata na ba kowannensu rabin gaskiya. Saurayin yana da hujja, domin garin da ya rene ka yana da haƙƙin da ya wuce a rubuta sunansa a bango. Magidancin ma bai yi ƙarya ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne, duk masu musun nan da safe wasu aji za su shiga, wasu shago, amma da la'asar a fili ɗaya za a same su, kuma wanda ya fi zafin ƙorafin shi na gani washegari yana riƙe wa 'yan mata ƙwallo suna koyon jifa daga layi.

Kafin mu taso na sa ɗan yayata ya rubuta mini awon filin: tsawo mita 28, faɗi mita 15, bakin kwando mita 3.05 daga ƙasa, faɗin zoben santimita 45. Ya ce, "Kawu, kai da ko gudu ba ka iya yi, me za ka yi da wannan?" Na ce ya rubuta dai. Da na dawo na kai wa wani mai walda a bakin kasuwa, ya duba ya ce ƙarfe da zobe aikin yini biyu ne, siminti ne zai ci kuɗi. Mun fara magana da waɗanda muka yi makaranta tare, ana karo-karo, rabin fili za mu fara zubawa da kwando ɗaya. Akwai wani malamin lissafi da ya taɓa bugawa lokacin yana jami'a a Yamai, ya ce zai ɗauki yammacin Laraba da Asabar, wani tsohon ɗan kokawa kuma ya yarda ya riƙa sa yaran gudu da motsa jiki kafin a ba su ƙwallo, da sharaɗin ba zai sa gajeren wando ba. Allon na katako za mu kafa, don na gilashi ya fi ƙarfin aljihunmu.